Kiɗan Gefen Hanya: Disko, Haus da Ƙananan Kamfanonin da Suka Rene Su

A cikin kiɗan rawa na zamani, wanda ya tsiro a biranen Amurka kafin ya watsu zuwa Turai da sauran duniya, akwai wani reshe da makaɗa da masu shagunan faya-fayai suke kira leftfield, wato kiɗan gefe, wanda yake riƙe da ƙashin bayan disko ko haus amma ya ƙi bin hanyar da kasuwa ta share. Mai sauraro zai ji bugun da ya saba da shi, zai kuma iya taka rawa a kai, sai dai abin da aka ɗora a kan bugun yakan zo a karkace, ko muryar da ba ta da amshi, ko sautin kayan girki, ko kiɗan da ya yi minti goma bai canja ba sai kaɗan-kaɗan. Kusan duk abin da ya yi suna a wannan reshe ya fito ne daga ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni uku da suke riƙe da yawancin kasuwar kiɗa ta duniya a yau, wato Universal da Sony da Warner. Wannan haɗuwa tsakanin baƙon sauti da ƙaramin kamfani tana da dalilai na tarihi da na sana'a da na kuɗi, kuma bin diddiginsu yana nuna yadda sabon abu yake samun hanyar shiga kunnen jama'a.

Tushen disko da haihuwar babban faifai

Disko kiɗan rawa ne da ya haɗu a New York da Philadelphia a farkon shekarun 1970, daga kiɗan baƙaƙen Amurka da na 'yan asalin Latin Amurka, kuma alamarsa ita ce babbar ganga da take bugawa sau huɗu daidai wa daida a kowane zagaye, salon da ake yawan dangantawa da makaɗin ganga Earl Young na Philadelphia. Waɗanda suka fara raya shi su ne mutanen da manyan wuraren shaƙatawa ba su cika maraba da su ba a lokacin, wato baƙaƙe da 'yan Latin da masu neman jinsi ɗaya, kuma wurin da ake yawan ambata a matsayin mafari shi ne gidan David Mancuso, wanda aka sani da The Loft, inda ya fara tara baƙi da katin gayyata a ranar 14 ga Fabrairu 1970. Mancuso ba ya tambayar daga wace ƙasa faifai ya fito ko wane suna aka ba salonsa, kuma shi ne ya tsinci faifan Soul Makossa na Manu Dibango, ɗan ƙasar Kamaru, wanda aka buga a 1972 a bayan waƙar gasar cin kofin nahiyar Afirka ta wannan shekarar, ya riƙa sa shi har gidajen rediyo suka ɗauka, kamfanin Atlantic ya saye izinin bugawa, ya shiga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka a 1973. Wannan faɗin kunne, na auna faifai da abin da yake yi wa masu rawa kawai, shi ne gadon farko da kiɗan gefe ya ci.

Gado na biyu na'ura ce ta kawo shi. Dije, wato mai zaɓen faya-fayai yana sa wa masu rawa a kan garmaho biyu don kada kiɗa ya yanke, yana buƙatar waƙa mai tsawo, alhali ƙaramin faifai mai faɗin inci 7 ba ya ɗaukar fiye da minti uku ko huɗu ba tare da sautin ya raunana ba. A tsakiyar shekarun 1970, Tom Moulton, wanda ya yi suna wajen tsawaita waƙoƙi, ya gano tare da injiniyan da yake yanka masa faifai cewa idan aka shimfiɗa waƙa ɗaya tak a kan babban faifai, layukan da allura take bi sukan samu fili, sautin ya ƙara ƙarfi, kaurin bas ya fito sosai ta manyan lasifikoki. Kamfanin Salsoul, mai zaman kansa, shi ne ya fara sayar wa jama'a irin wannan faifai mai inci 12 a 1976, da waƙar Ten Percent ta ƙungiyar Double Exposure, wadda dije Walter Gibbons ya sake tsara ta har ta wuce minti tara. Daga nan waƙa ta daina zama abin da aka gama sau ɗaya, ta koma kayan aikin da wani zai iya warwarewa ya sake ɗinkawa, kuma a farkon zamani da reza ake yin aikin, a yanke zaren kaset daidai kan bugun ganga, a manna shi da wani yankin, a maimaita har gaɓar da masu rawa suka fi so ta ninka tsawonta.

Bayan faɗuwar kasuwa

Manyan kamfanoni sun shigo disko da ƙarfi bayan fim ɗin Saturday Night Fever na 1977, suka cika kasuwa da faya-fayai masu kama da juna, kuma ƙyamar da ta biyo baya ta kai ƙololuwa a ranar 12 ga Yuli 1979, lokacin da aka tarwatsa tulin faya-fayan disko da nakiya a filin wasa na Comiskey Park a Chicago. Cikin ɗan lokaci manyan kamfanonin suka janye jarinsu, amma gidajen rawa ba su rufe ba, musamman Paradise Garage na New York, inda Larry Levan ya yi aiki daga 1977 zuwa 1987. Giɓin da aka bari sai ƙananan kamfanoni irin su West End da Prelude suka cike shi, kuma da yake ba su da kuɗin ɗaukar babbar ƙungiyar masu goge da masu busa, sai suka koma ga fiyano mai lantarki da na'urar ganga da dabarun amsa-kuwwa da aka aro daga injiniyoyin Jamaika, abin da ya sa sautin ya zama mai fili da zurfi.

A wannan yanayi ne Arthur Russell ya bayyana, mutumin da mutane da yawa suke ɗauka a matsayin babban misalin diskon gefe. Makaɗin babban goge ne na Turawa da ake kira celo, haifaffen jihar Iowa a 1951, wanda ya karanci kiɗan gargajiya na Indiya a California, ya kuma yi aiki cikin masu gwajin sabon kiɗa a New York kafin gidajen rawa su ja hankalinsa. Faifansa Is It All Over My Face, wanda West End ya fitar a 1980 da sunan Loose Joints, da kuma Go Bang, wanda ya fito a 1982 daga Sleeping Bag, kamfanin da ya kafa tare da Will Socolov, suna da muryoyin da ba a goge su ba da kayan kiɗan da suke shiga su fita ba tare da sallama ba, amma duk da haka masu rawa sun karɓe su. Ya rasu a 1992 bai yi arziki ba, ya bar ɗimbin kaset na ayyukan da bai kammala ba, kuma sai a shekarun 2000, da wasu ƙananan kamfanoni suka sake buga su, duniya ta san girmansa. A gefensa akwai kamfanin 99 Records na Ed Bahlman, wanda ya fitar da ESG, ƙungiyar 'yan'uwa mata daga unguwar Bronx ta Kudu, da Liquid Liquid, waɗanda suka rage kiɗa har ya saura ganga da bas da guntun murya.

Haus da na'urorin kwantai

Haus ɗan disko ne da aka haifa a Chicago, kuma ana danganta sunansa da gidan rawa na Warehouse, inda Frankie Knuckles ya fara aiki a 1977. Da sababbin faya-fayan disko suka yi ƙaranci, Knuckles da Ron Hardy na gidan Music Box suka riƙa sake yanka tsofaffin, suna ƙara musu nauyi da na'urar ganga, har matasan da suke sauraronsu suka fara haɗa nasu a ɗakunan kwanansu, da gudun bugu kusan 120 zuwa 128 a minti ɗaya. On and On na Jesse Saunders, wanda ya fitar da kansa a 1984, yana cikin faya-fayan haus na farko, sannan kamfanonin Trax da DJ International suka zama manyan ƙofofin fitarsa.

Abin da ya ba talaka damar shiga sana'ar shi ne kwantan kamfanin Roland na Japan, wato na'urorin ganga TR-808 ta 1980 da TR-909 ta 1983, da kuma TB-303 ta 1981, wadda aka ƙera don ta maye gurbin mai bas ga mai jita da yake atisaye shi kaɗai. Ba ta karɓu ba, aka daina yin ta, ta koma shagunan kayan hannu da araha. Matasa uku na ƙungiyar Phuture suka samu ɗaya, kuma maimakon su nemi ta yi kama da bas na gaskiya, sai suka bar ta tana maimaita gajeren layi ɗaya suna murɗa maɓallan da suke tace sautin, yana kumbura yana tsukewa yana tsiyaya, har aka samu kiɗan kusan minti goma sha biyu da Trax ya fitar a 1987 da sunan Acid Tracks. Kamar yadda makaɗan suka ba da labari, Ron Hardy ya maimaita shi sau da dama a dare ɗaya kafin masu rawa su sake jiki da shi. Labarin ya nuna tsarin da kiɗan gefe yake bi har yau, inda ake amfani da kayan aiki ta hanyar da masu ƙera su ba su nufa ba, a gwada sakamakon a gaban masu rawa, sannan ƙaramin kamfani ya buga shi tun kafin wani ya tabbatar zai sayu.

Yaɗuwa zuwa Turai da komawa gida

Turai ta ƙara wa wannan reshe nata launi. A gidan rawa na Cosmic da ke bakin tafkin Garda a Italiya, daga 1979 zuwa 1984, Daniele Baldelli ya riƙa juya faifan da aka yi don juyi 45 a minti a kan juyi 33, yana gauraya kiɗan Afirka da na Brazil da na lantarki na Jamus, yayin da a tsibirin Ibiza na Sifaniya dije Alfredo ya yi suna a gidan Amnesia da haɗa salo daban-daban a dare ɗaya, abin da wasu dijoji 'yan Ingila suka gani a 1987 suka kai Landan. A shekarun 1990 birnin Frankfurt ya samar da kamfanonin Playhouse da Perlon, waɗanda suka gina haus daga ƙananan guntayen sauti, kuma a Ingila Matthew Herbert ya fitar da kundin Around the House a 1998, wanda ya haɗa bugunsa daga sautukan kayan cikin gida, kafin ya rubuta wa kansa ƙa'idojin aiki da suka hana shi amfani da na'urar ganga ko tsakuren kiɗan wani. A Detroit kuwa, Moodymann da kamfaninsa KDJ da Theo Parrish da kamfaninsa Sound Signature, wanda ya kafa a 1997, sun bi akasin wannan hanya, domin sun gina kiɗansu a kan tsakure daga tsofaffin faya-fayan baƙaƙen Amurka, suna barin ƙura da ƙarar allura a ciki da gangan, don tunatar da mai sauraro inda kiɗan ya fito da waɗanda suka haife shi.

A farkon ƙarni na 21 aka sake komawa ga disko da sabon kunne. Metro Area, wato Morgan Geist da Darshan Jesrani, sun fitar da kundinsu a 2002 daga kamfanin Environ na Geist, a daidai lokacin da kamfanin DFA, wanda aka kafa a New York a 2001, yake haɗa jita mai kaushi da bugun rawa. A Norwe, Lindstrøm da Prins Thomas da Todd Terje suka tsawaita disko ya zama doguwar tafiya ta fiyano mai lantarki, kuma I Feel Space na Lindstrøm na 2005 da Inspector Norse na Terje na 2012 sun kai salon ga kunnuwan da ba su taɓa shiga shagon faifai ba.

Yadda ƙaramin kamfani yake rayuwa

Sirrin 'yancin ƙaramin kamfani yana cikin lissafinsa. Babban kamfani da yake biyan ɗaruruwan ma'aikata da kuɗin talla ba zai taɓa waƙar da ba a sa ran za ta sayu da yawa ba, amma kamfanin mutum ɗaya ko biyu yakan buga kwafi 300 ko 500 na faifai, kuma idan sun ƙare ya mayar da kuɗinsa ya samu na buga na gaba. Sau da yawa mai kamfanin dije ne ko mai shago, kamar yadda Rush Hour na Amsterdam da Kompakt na Cologne suka fara a matsayin shaguna kafin su zama kamfanoni, saboda haka ya san abin da mutane suke tambaya a kan kanta, yana kuma iya gwada sabon kiɗa a daren Asabar kafin ya kashe ko sisi. Akwai kuma al'adar faifai mai farar takarda, wanda ba a rubuta sunan kowa a kai ba, ana fitar da shi don gwajin kasuwa, ko don ɓoye tsakuren da ba a nemi izininsa ba. A irin wannan kasuwa sunan kamfani yakan fi sunan makaɗi nauyi, domin mai saye yana amincewa da kunnen mai zaɓe, ya ɗauki faifan mutumin da bai taɓa ji ba saboda tambarin da ke kai kawai. Matsayin waɗannan kamfanoni kamar gadon renon albasa ne a fadama, inda ake shan wahalar fitar da iri a ɗan ƙaramin fili, sannan masu manyan gonaki su zo su cire wanda ya yi kyau su dasa.

Wannan ƙanƙanta tana da tsada. Lokacin da kamfanin Sugar Hill ya yi amfani da layin bas na waƙar Cavern ta Liquid Liquid a cikin White Lines a 1983, 99 Records ya kai ƙara kuma ya yi nasara, amma Sugar Hill ya durƙushe kafin ya biya, kuɗin shari'a kuma ya taimaka wajen rufe ƙaramin kamfanin. Haka nan zaman kai ba shi ne adalci ba, domin makaɗan Chicago da yawa sun daɗe suna kukan an karɓe haƙƙin ayyukansu da kuɗi kaɗan suna matasa, har Larry Heard da Robert Owens suka kai Trax kotu a 2020 kan kuɗaɗen da suka ce ba a biya su ba. Durƙushewar masu rarraba faifai, kamar Amato na Ingila a 2007, takan tafi da kuɗin kamfanoni da dama a lokaci guda. Intanet ta sauƙaƙa wani ɓangaren ta tsananta wani, domin Bandcamp, wanda aka kafa a 2008, ya ba ƙaramin kamfani damar sayar wa mai sauraro kai tsaye, amma dandalin saurare irin su Spotify suna biya ne bisa yawan saurare, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba ba ta samun kaso a Spotify, tsarin da ba ya yi wa kiɗan da masu sonsa kaɗan ne daɗi.

Inda Afirka ta Yamma ta shigo

Masu neman baƙon sauti sun daɗe da juyowa Afirka, kuma wani sashe na kiɗan gefe na yau sake bugun tsofaffin ayyuka ne. William Onyeabor na Inugu, wanda ya riƙa haɗa kiɗan lantarki a ɗakin ɗaukar sautinsa yana fitarwa da kamfaninsa Wilfilms a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, ya samu sababbin masu sauraro lokacin da kamfanin Luaka Bop ya tattara ayyukansa a 2013, kuma Soundway na Ingila ya fitar da Doing It in Lagos a 2016, tarin diskon Najeriya na shekarun 1980. Kaset ɗin Obaa Sima na Ata Kak, ɗan ƙasar Gana, wanda aka yi a 1994 bai yi kasuwa ba, ya zama abin so a gidajen rawa bayan kamfanin Awesome Tapes from Africa ya sake fitar da shi a 2015. Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya sake buga kiɗan fiyano mai lantarki da Mamman Sani ya ɗauka a Yamai a 1978, wanda mutanen Nijar suka saba ji a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, ya kuma fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin fina-finan Hausa, duka a 2013.

Wannan aiki ya ceto ayyukan da suke gab da ɓacewa, ya kuma kai wasu makaɗa ƙasashen da ba su yi tsammani ba, amma yana ɗauke da tambayoyin da suka kamata a yi a fili, game da wanda yake da ikon ba da izini idan makaɗin ya rasu ko kamfanin farko ya rufe, da yadda ake raba riba, da kuma dalilin da ya sa kiɗan da yake na yau da kullum a Kano ko Yamai yake komawa na gefe da zarar ya isa shagon Berlin. Wasu kamfanonin suna bin tsohuwar al'adar masu zaman kansu ta raba riba gida biyu daidai tsakaninsu da makaɗi, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace a nema.

Kammalawa

Tarihin rabin ƙarni ya nuna cewa sabon abu a kiɗan rawa yakan fito daga inda asara ba ta da yawa, kunne kuma yana da 'yanci, shi ya sa babban faifai mai inci 12 da sake tsara waƙa da haus kansa duk suka bi ta hannun ƙananan kamfanoni kafin manya su karɓa. Ya kuma nuna cewa darajar irin wannan kamfani tana tsaye a kan ƙafa biyu, wato ingancin zaɓensa da riƙon amanar waɗanda suka ba shi aikinsu, kuma wanda ya rasa ta biyu ya ɓata ta farko komai kyawun abin da ya fitar. Ga makaɗa da masu situdiyo na ƙasar Hausa, waɗanda kasuwar duniya ta riga ta fara leƙo ayyukansu, abin yi a bayyane yake, su adana ainihin kaset da fayilolin da suka ɗauka, su rubuta sunan duk wanda ya sa hannu a kowace waƙa, kuma kada su ba kowa izinin sake bugawa sai da yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi kaso da wa'adi.